Ranar da Aka Wanke Duwatsun Levi

Kumai bai taɓa ganin teku da idonsa ba, amma a falon gidansu da ke Kafanchan ya zauna ya haɗa ɗan guntun teku cikin akwatin gilashi. Ba sha'awarsa ba ce tun farko. Yayansa Levi ne ya sa shi.

Levi ya daɗe yana aiki a Legas, a can kuma ya kamu da son kiwon halittun ruwan gishiri. Yana da wasu 'yan kifaye biyu masu launin lemo da ratsin fari, yana kuma da murjani. Yawancin mutane sun san murjani ne a wuyan mata, an huda an zura a zare. Na Levi mai rai ne. Wani kamar koriyar ciyawa yake, yana rausaya cikin ruwa, wani kamar yatsun jariri, wani kuma ya buɗe kamar ɗan faifai. Shi da matarsa Chika ba su samu haihuwa ba, saboda haka idan ya ce “yarana”, kowa a dangi ya san abin da yake nufi. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, aka ba shi shawara ya koma gida ya huta, sai ya ce zai koma, amma ƙafarsa ƙafar yaransa.

To, yaran nan ba a ɗauko su haka kawai a juye cikin ruwa. Sai an shirya musu gida tukuna, shirin kuwa yana cin makonni. Kumai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti a garin, ya saba da ɗiga magani cikin kwalba da jiran launi ya sauya, don haka aikin ya faɗo kansa. Levi ya haɗa shi da wani mai suna Irfan da ke sayar da irin waɗannan kaya a Abuja. Daga can aka ɗoro masa tankin gilashi, da buhun gishirin teku, da farin yashi, da wasu duwatsu marasa nauyi masu ramuka kamar gidan gara, da ɗan injin da ke juya ruwa. Injin ya jona shi da batirin sola, domin idan ruwan ya daɗe a tsaye komai lalacewa yake yi. Ruwan ma ba na rijiya ba ne, ba kuma na bohol ba. Jarka-jarka ya riƙa ɗaukowa a babur daga wurin masu yin fiya wata, tatacce, ya auna gishiri ya dama.

Sauran aikin ta waya Levi ya koya masa, yana magana yana hutawa.

“Ka ga tankin nan ya yi maka kyau, ko? To kabari ne. Ka sa kifi yanzu, kashinsa zai zama guba a ruwan, kafin ka ankara kana kwasar gawa. Sai ka fara kiwon abin da ido ba ya gani.”

Abin da ido ba ya gani ɗin nan wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zama cikin ramukan duwatsun, gubar kuma ita ce abincinsu. Idan suka yi yawa, duk gubar da kifi ya fitar sai su cinye ta. Amma kafin su yi yawa sai an ciyar da su. Kumai ya sayo guntun ɗanyen kifin ƙanƙara, ya ƙulle a tsumman gidan sauro, ya jefa cikin tankin, ya bar shi ya ruɓe. Daga nan sai jira. Kullum da safe ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba ya ɗiga magani. Idan ya yi kore, akwai guba. Ranar da ya tsaya rawaya, gida ya kintsu.

Kwalbar ba ta bar kore ba Levi ya rasu.

Aka ajiye shi a ɗakin gawa a Legas. Dangi suka zauna suka sa ranar biso, wato jana'iza, da ɗan nisa, don a gama haƙar citta, na nesa kuma su samu zuwa. Kumai bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya ci gaba da ɗibar ruwansa da safe. Ya ce wa Chika alkawari yana nan, ranar da za ta kawo mijinta gida ta haɗo da yaran.

Mahaifiyarsu, Mama Milka, ta tsani tankin tun ranar da ya fara wari. Warin ya zo ya wuce, amma wani abu ya maye gurbinsa. Wani yauƙi mai ruwan ƙasa ya lulluɓe duwatsun da yashin, ya hau jikin gilashin kamar tsatsa. Kumai ya ɗauki hoto ya tura wa Irfan, Irfan ya ce alamar arziki ce, kada ya taɓa, da kansa zai tafi. Mama Milka kuwa duk sanda ta ratsa falon sai ta kau da kai.

“Ɗan'uwanka yana kwance cikin ƙanƙara,” ta ce masa wata safiya, “kai kana nan kana gadin duwatsu.”

A makon biso kwalbar ta yi rawaya. Ya sake gwadawa washegari, rawaya ce dai. Ya kira Chika ya ce ta bar wa maƙwabcinsu tankin Levi da duwatsunsa masu nauyi, ta zuba yaran a bokiti da ruwansu kawai, gida yana jiransu.

Ana gobe gawa za ta iso, Baba Boaz, ƙanin marigayi mahaifinsu, wanda shi ke riƙe da sha'anin bison, ya aiki Kumai ɗauko kanofi da kujeru. Kafin ya fita ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa.

“Mama, don Allah, duk wanda ya zo, kada ya taɓa tankin nan.”

“Na ji,” ta ce, ba ta ɗago ba.

Akwai al'ada a cocinsu, kyakkyawa kuwa. Idan aka yi rasuwa, Zumuntar Mata sukan zo gidan ana gobe biso da tsintsiyarsu da bokitinsu. Ba a gayyatar su, ba a kuma gaya musu abin da za su yi. Su share, su goge, su wanke duk abin da ke wankuwa, don kada mai makoki ya ji kunya a gaban baƙi. Idan sun gama a ba su kunu, su yi addu'a, su koma su shirya girkin gobe. Kumai ya san da zuwansu. Shi ya sa ya yi gargaɗin.

Rana ta karkata ya dawo a bayan motar kanofi. Tun daga ƙofar gida ya jiyo waƙarsu da kiɗan tulu. Ya kuma ji wani wari mai hawa kai, irin na ɗakin haihuwa bayan an goge shi. A tsakar gida, kusa da kwata, ƙasa ta jiƙe shar, gefenta ya fara yin fari-fari. Ya tsaya ya dubi farin nan. Sai ya ruga falo.

Tankin yana walƙiya. Gilashin tas, yashin fari ƙal, duwatsun kuma an jera su a layi, babba a tsakiya, ƙanana a gefe. An zare wayar injin an naɗe ta da kyau an ɗora a kan tebur. Cikin ruwan, wasu 'yan tarwada uku suna yawo suna kaɗa gashin baki.

“Likita, sannu da dawowa!” Mama Hephzibah ce, shugabar zumuntar, ta shigo tana goge hannu da bakin zanenta, sauran matan suna biye. “Zo ka ga aikin iyayenka. Kai, yaran yanzu! Kun yi boko har boko ya gaji da ku, amma wanke dutse ya gagare ku. Mun sa omo, dattin ya ƙi fita. Sai da muka jiƙa su a bilic, muka bi su da soson ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Dubi hannuna.”

Kumai ya buɗe baki, muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. “Ruwan fa?”

“Wannan ruwa? Yesu! Na ɗanɗana, gishiri zalla. Na ce wani maƙiyi ne ya zuba maka, shi ya sa babu kifin da ya zauna. Mun zubar, mun cika maka da na bohol mai daɗi. Na ce kuma, a'a, baƙi su zo daga Legas su ga gidan kifi babu kifi? Na aika aka kamo maka waɗannan daga kududdufin ɗana Jason. Idan sun girma ka kira mu farfesu.”

Matan suka yi dariya, irin 'yar dariyar da ake yi a gidan makoki don a sassauta wa masu gida.

“Wa ya aike ku?”

Dariyar ta tsaya.

“Na ce wa ya aike ku? Wa ya ce ku taɓa?” Yanzu muryar ta cika falon, har masu sauke kanofi a waje suka dakata. “Kun san abin da kuka yi? Kun kashe su! Kun kashe su duka!”

“Kashe wa, ɗana? Babu komai a ciki. Da idona na duba.”

“Idonki! Komai sai idonki ya gani kafin ya zama abu? Tun Levi yana da rai nake kiwon abin da ke cikin duwatsun nan. Da bakinsa ya koya mini, yana numfashi da ƙyar. Kun zo da rana ɗaya kun dirje shi da soso! Shara aka san ku da ita. Ku share ƙasa, ku wanke tukwane, ku rera waƙarku, ku tafi gidajenku! Ko an ce muku duk abin da ba ku gane ba datti ne?”

Ya ga yatsansa a miƙe yana nuna fuskar tsohuwar, bai kuma sauke shi ba.

Mama Hephzibah ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta kwance zanenta ta sake ɗaurawa tam.

“Ni na fara yi maka wanka ranar da aka haife ka,” ta ce. “A bayan gidan nan. Yau ni kake nuna wa yatsa a kan dutse. Ba laifi.” Ta juya. “Mata, oya, ku ɗauki kayanku.”

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Kunun da aka dama musu yana nan a rufe a gindin mangwaro, babu wadda ta kalle shi. Addu'ar ma ba a yi ba.

Baba Boaz ya shigo da sauri, hularsa a hannu. “Kai, Kumai, ka haukace? Zumunta ka kora? Gobe wa zai dafa wa baƙi, duwatsunka? Wa zai yi waƙa a bakin kabari, tarwada? Maza bi su ka durƙusa!”

“Ba inda za ni, Baba.”

“Me ka ce?”

“Na ce ba inda za ni. Su ya kamata su durƙusa.”

Baba Boaz ya riƙe baki. Ya ce tun da yake bai taɓa jin irin wannan ba, ya sa hularsa ya bi matan da kansa.

Kumai ya nufi ɗakin mahaifiyarsa. Tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafafu, baƙin ɗankwali a kanta.

“Mama, kina nan suka yi?”

“Ina nan.”

“Na ce miki kada a taɓa.”

“Ka ce.”

“To me ya sa ba ki hana su ba?”

“Ni na nuna musu.”

Ya dafa ƙofa. Da ta ce barci ya ɗauke ta, ko ta fita bayan gida, da ya san inda zai ajiye fushinsa. Amma ta faɗa ne a fili, tana kallon idonsa.

“A falon nan za a kwantar da ɗana gobe kafin a kai shi coci,” ta ce. “Surukanmu za su shigo, mutanen Chika, har da waɗanda suka taso daga gabas. Fasto zai shigo. Kana so a ajiye Levi kusa da wannan ƙazanta? A ce uwarsa tana raye, ƙaninsa yana aikin asibiti, amma an kwantar da shi gefen kwatami?”

“Ba ƙazanta ba ce! Abin da ya roƙe ni ke nan, shi kaɗai!”

“Ni kuma me ya roƙe ni? Ba komai. Ni sai dai in jira akwati.” Ta buga tabarmar da tafin hannu. “Tun da ya mutu ka taɓa zama a tabarmar nan? Gari ya waye, sai ka gaida kwalba kafin ka gaishe ni. Ka ɗaga ta sama kana kallo kamar mai duba. Ni ban san kore ba, ban san rawaya ba. Na san ɗana ya mutu, wanda ya rage kuma ya koma cikin gilashi.”

“Da kin tambaye ni, da na yi miki bayani.”

“Da ka zauna, da na tambaya.”

Ya fita ya buga ƙofar har labulen ya faɗo.

A bayan gida ya kira Irfan ya gaya masa. Irfan ya ja dogon salati.

“Bilic da omo? Oga Kumai, dutsen nan kamar soso yake, ya sha ya ƙoshi. Sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, an shanya, kafin ma ka koma farkon jira. Yashin kuwa ka zubar da shi kawai.”

“Idan na dama sabon ruwa a baho yau fa?”

“Gishiri nawa ya rage maka?”

Kumai ya tuna gindin buhun. Ɗan kaɗan ne ya rage.

“Ko da kana da buhu cike,” in ji Irfan, “babu abin da zai cinye gubar. Kifin da ya wuni a hanya ya riga ya galabaita. Murjanin kuma zai fara saɓule nama, ya bar maka farin ƙashi. Ina matar Levi take yanzu?”

“Sun kusa Lokoja. A Abuja za su kwana, da safe su ƙaraso.”

“To ai shi ke nan. Ta biyo ta wurina. Ina da tsohon tanki da ya zauna daram, in sa su a ciki. Amma in gaya maka gaskiya tun yanzu, ba ajiyar mako ba ce. Murjani idan ya kama dutse ya kama, ba zan ɓamɓare shi ba. Ba zan sayar ba, duk sanda ka zo za ka gan su. Sai dai gidansu ya zama nan.”

“Zan kira ka,” Kumai ya ce, ya kashe.

Gidansu ya zama Abuja. Levi zai dawo gida shi kaɗai ke nan, yaran da ya ce ƙafarsa ƙafarsu kuma a sauke su a hanya, a shagon wani. Duk saboda soson ƙarfe. Gobe kuma matan nan za su ce yaro ya yi rashin kunya a kan dutse, mahaifiyarsa ta ce ai ga shi babu abin da ya faru, kowa ya yarda. Babu wanda zai taɓa ganin abin da aka kashe, tunda dama ido ba ya ganinsa. Wannan ne ya fi ƙona masa rai. Yana so su gani.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Chika ce. A Kafanchan aka haife ta, a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, Hausarta kuwa ta fi tasa gudu.

“Kumai, mun wuce Lokoja. Ambulan tana gabanmu. Yaran suna tsakanin ƙafafuna, na rufe bokitin da zane saboda rana, injin iskar yana aiki. Gida ya shirya?”

“Ki kawo su, Anti.”

“Na ce gida ya shirya?”

“Ki kawo su kawai.”

Ya koma ƙofar mahaifiyarsa, ya tsaya a inda labulen ya faɗi.

“Suna hanya,” ya ce. “Gobe zan ajiye bokitin a falo, a gabanki, a gaban zumuntarki, a gaban surukan da kike jin kunya. Babu inda zan sa su. Ku zauna ku kalle su suna mutuwa, sai ku gane abin da kuka wanke.”

Ya wuce falo ya zauna a hannun kujera. Ya daɗe a haka yana tsara yadda abin zai kasance, inda zai ajiye bokitin, abin da zai faɗa, yadda fuskar Mama Hephzibah za ta yi. Yana cikin wannan ne ya ji takun mahaifiyarsa. Ta zo ta tsaya a gaban tankin, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Me ya same su?” ta ce.

Ya ɗago. Tarwada ɗaya ta juya ciki sama. Biyun suna saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, fatarsu ta yi fari-fari kamar an watsa musu ruwan zafi. Bilic ɗin da duwatsun suka sha ne yake fitowa.

“Ruwanku mai tsabta ne,” ya ce.

“Tarwada?” Ta matsa kusa. “Tarwada da ke rayuwa a taɓo? Wadda ake sare wa kai tana motsi?”

Ta fita. Ya ji ta tana jan guga a rijiya. Ta dawo da roba cike da ruwa tana tangaɗi, ta ajiye, ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu cikin tankin. Bai tashi ya taimake ta ba. Ta kamo biyun da ƙyar, suna zille mata, ta sa a roba. Matacciyar ta ɗauko ta riƙe a tafin hannu tana kallo.

“Na Levi sun kai waɗannan ƙarfi?”

“Ko kusa.”

“To haka za su yi gobe.”

“Haka. A gabanki.”

Ta ajiye kifin a bakin tebur, ta goge hannu a zane a hankali, yatsa bayan yatsa.

“Gobe za a buɗe akwati in ga fuskar ɗana,” ta ce. “Gawa ɗaya ta ishe ni, Kumai. Idan hukunta ni kake so, nemi wata hanya. Ka daina yi mini magana har shekara ta zagayo, zan ɗauka. Amma kada ka kashe wa Levi yara don ka koya mini karatu. Ban ce na yi laifi ba. Da za a sake, falon nan sai an wanke shi. Na dai ce abin da muka yi, ba mu sani ba muka yi. Kai ka sani.”

Ta ɗauki robarta ta fita.

Fushinsa bai sauka ba. Ƙaruwa ma ya yi, domin yanzu ya rasa wanda zai jefa da shi. Ya tashi ya shuri ƙafar tebur, ya ji zafi har cikin ƙashi. Ya zagaya falon. Ya dubi matacciyar tarwadar, ƙuda ya riga ya sauka a kanta. Sannan ya ciro waya.

Ya gaya wa Chika komai, tun daga soson ƙarfe har zuwa maganar Irfan. Ta saurara ba ta katse shi ba.

“Tsaya,” ta ce da ya gama. “Da na kira ka ɗazu, ka riga ka sani?”

“Na sani.”

“Ka sani, ka ce in kawo su kawai?”

“Anti...”

“Kada ka ce mini Anti! Tun asuba nake riƙe da bokitin nan da ƙafata don kada ya girgiza. Duk ramin da muka faɗa sai na leƙa. Mijina yana gabana a cikin akwati, abin da ya bar mini ke nan mai numfashi, kai kuma kana so ka yi wa'azi da su? Tsohuwa ta yi nata da soso, kai za ka yi naka da gangan! Duk gidanku ɗaya kuke, kowa fushinsa ya fi masa komai. Turo mini lambar mutumin.”

Ta kashe. Ya tura mata lambar, ya kuma kira Irfan ya ce suna zuwa.

Da safe hayaƙi ya tashi a bayan gida. Matan zumunta sun dawo, manyan tukwane a kan murhu. Baba Boaz ya ce sun dawo ne saboda Milka da marigayi, ba saboda wani mara kunya ba, kuma maganar durƙuso tana nan, bayan biso za a zauna. Kumai ya gaida Mama Hephzibah da ya zo wucewa. Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Shi ma bai sake gaisuwar ba. An jawo wani farin zane an lulluɓe tankin, an ɗora hoton Levi a kai.

Ya hau babur ya bi samarin unguwa zuwa bakin gari, inda ake tarar gawa a rako ta gida. Suka jera a gefen titi suna jira. Da ambulan ta ɓullo, samarin suka tayar da babura suna danna oda. Motar da ke biye ta rage gudu ta tsaya daidai inda yake. Gilashin baya ya sauka. Chika ce, idanunta sun kumbura, ba ta dube shi ba, titi take kallo.

“Murjani mai kama da faifai ya mutu kafin mu isa Abuja,” ta ce. “Sauran sun shiga tankin Irfan. Na koma da sassafe kafin mu taso, koren ya buɗe. Kifayen biyu sun ci abinci a gabana.”

Kumai ya sunkuyar da kai a kan hannun babur. Kukan da ya ƙi fitowa tun ranar rasuwar ya ƙwace masa.

“Ba wai na fara yi maka magana ba ne,” ta ce. “Na faɗa maka ne don ya kamata ka ji. Share fuskarka ka shiga gaba. Kai ne ƙaninsa.”

Gilashin ya hau. Ya share fuska da hannun riga, ya tayar da babur, ya shiga gaban ambulan.